Ƙusa Guda Na Iya Nutsar Da Jirgi: Yadda Ake Raya Ƙarafan Tsofaffin Jiragen Binuwai

Baƙon da ya sauka a unguwar Turaki, cikin garin Jalingo hedkwatar Jihar Taraba, ba zai ga kwata ba, ba kuwa zai ji kukan injin jirgi ba, domin Kogin Binuwai yana can arewa da garin, sai an yi tafiyar mota kafin a kai bakinsa. Amma in ya zauna kwana biyu ya saurari hirar jama'a, zai tarar rayuwar unguwar a ɗaure take da kogin nan. Busasshen kifin da ake sakawa a miya, da shinkafar fadamun Lau da Karim Lamido, da ɗalibin da ya zo karatu daga ƙetaren ruwa, da ma'aikacin da aka tura aiki can, da majinyacin da ake kawowa asibiti, da yawansu sai sun hau jirgi kafin su taka ƙasar Jalingo.

Jiragen nan kuwa galibinsu na katako ne, kuma da dama daga cikinsu sun kwana biyu. Abin da ke riƙe da katakon har ya zama jirgi shi ne ƙarfe: ƙusoshi, da notoci, da maɗauran haƙarƙari, da zoben ɗaure igiya, da sarƙa, da anga, sa'an nan uwa uba inji da farfelarsa. Mai kallo daga gaɓa yakan ɗauka cewa goge ƙarafan nan aikin ado ne kawai. Masu sana'ar sun san cewa wurin gogewar ne ake gane ƙarfen da ke da sauran rai da wanda ya riga ya mutu a tsaye, kuma a kan wannan ganewa rayukan fasinjoji suka rataya.

JIRGIN DA YA KAFE A YASHI

Dangantakar Jalingo da jiragen ruwa ta girmi garin kansa. A shekarar 1854 wani jirgi mai jikin ƙarfe da ake kira Pleiad ya hauro Binuwai daga mahaɗar Lakwaja ƙarƙashin jagorancin wani likita Baturen Birtaniya, William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther, har suka iso ƙasar Muri suka gana da sarkinta. Daga nan hanya ta buɗe wa kamfanonin Turawa. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami takardar izinin mulki a 1886, ya mayar da Ibi babbar tasharsa a kan Binuwai, kuma Lau ta zama ɗaya daga cikin wuraren da jirage ke tsayawa su sauke gishiri da yadi, su ɗauki amfanin ƙasa.

A ƙarshen shekarar 1892 wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Laftana Mizon, ya shigo da jirage biyu masu tururi. Ruwa ya janye, jirginsa ya kafe a yashi cikin ƙasar Muri. Zaman da ya yi a nan ne ya haɗa shi da Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya daɗe yana yaƙi da mutanen Kona bai ci su ba. Da igwar da aka sauke daga jirgin aka fasa garin Kona, aka yi asarar rayuka, aka kama mutane da yawa. A 1893 sarkin ya kafa mazauninsa a sansanin da ya zama Jalingo. Sunayen unguwannin garin, irin su Turaki da Majidaɗi da Sintali da Barade da Sarkin Dawaki, sunayen sarautun fada ne, kuma har yau su ne sunayen mazaɓu, inda Turaki ta rabu biyu, Turaki A da Turaki B.

Jiragen tururi sun daɗe da daina zuwa. Hanyoyin mota sun ƙwace kayan da suke ɗauka, yashi ya cike magudanar, kuma madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 ta canza yadda ruwan ke hawa da sauka. Amma ƙetare kogin bai tsaya ba. Ƙarni na 20 ya zo ya wuce ba a gina gada a kan Binuwai tsakanin Numan da Makurɗi ba, saboda haka mashigai irin na Lau da Ibi suka ci gaba da dogara ga jirgin fito da kwale-kwale mai inji. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta 1991, sai ya zamana wani yanki na jihar, watau ƙasar Karim Lamido, kogi ne ya raba shi da hedkwatarsa.

YADDA TSATSA KE CIN JIRGI

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jikin jirgi, tsatsa ce ke tsaga bangon. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya fara komawa jar ƙasa. Wurin da abin ya fi tsanani shi ne daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgin, domin nan ne ƙarfe ke jiƙewa ya bushe, ya sake jiƙewa, safe da yamma. Ƙarfen da ke nutse ƙasa kullum da wanda ke sama a bushe kullum duk sun fi shi daɗewa.

Tsatsa tana da hali guda da ya sa ta fi haɗari a jirgin katako. In ƙusa ta yi tsatsa sai ta kumbura, domin tsatsar ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa. Kumburin nan yakan tsaga katakon da ke kewaye da ita. Daɗin daɗawa, ruwan tsatsar yana ruɓar da katakon, ya yi baƙi, ya yi laushi, har ƙusar ta zauna cikin ramin da ba ya riƙe ta. Daga waje mutum zai ga kan ƙusa lafiya lau, alhali kuwa tsakiyarta, daidai inda katako biyu suka haɗu, ta sirance kamar allura. Alamar da gwanaye ke dubawa ita ce jan zane da ke gangarowa daga kan ƙusa kamar hawaye. Duk inda aka ga wannan zane, to ciki ya ɓaci.

A ruwan kwance jirgi mai irin waɗannan ƙusoshi zai yi ta aiki har shekara ba a ga komai ba. Ranar da iska ta taso, ko ya bugi kututture da lodi a kansa, ranar ce katako zai buɗe.

KOWANE ƘARFE DA HALINSA

Tun da can Hausawa sun raba ƙira gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa. Gyaran ƙarafan tsohon jirgi yana bukatar ilimin gidajen nan biyu, har da na bakanike da mai walda, domin a jirgi guda ana iya samun ƙarfe iri biyar, kuma maganin wani gubar wani ne.

Na farko shi ne baƙin ƙarfe, wanda ake yin ƙusa da anga da maɗauri da shi. Yana da ƙarfi da araha, amma shi ne abincin tsatsa.

Na biyu shi ne baƙin ƙarfen da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, irin yadda ake yi wa kwanon rufi da bokiti. Tutiyar nan ita ce rigarsa. Muddin tana nan, ita za ta riƙa cinyewa a madadin ƙarfen. Wanda ya sa samfefa ya kankare ta don neman ƙyalli ya tuɓe wa ƙarfen riga ke nan.

Na uku ita ce tagulla, kuma iri biyu ce. Akwai mai ruwan ɗorawa, wadda jan ƙarfe ne aka gauraya da tutiya. Akwai mai duhu, wadda jan ƙarfe ne aka gauraya da kuza. Mai duhun ta fi jure ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake samun ta a farfela da famfunan tsofaffin jirage. Mai ruwan ɗorawar kuwa tana da wata cuta ta ɓoye: ruwa yakan zuƙe tutiyar da ke cikinta a hankali, ya bar jan ƙarfe mai ramuka kamar soso. Siffarta ba za ta canza ba, amma ƙarfinta ya tafi.

Na huɗu shi ne farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, irin na cokula da wuƙaƙen zamani. Sirrinsa wani sinadari ne da ake kira kuromiyam, wanda aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100 na ƙarfen shi ne. Sinadarin nan yana yi wa ƙarfen wata fata siririya da ido ba ya gani, amma fatar tana bukatar iska kafin ta samu. Saboda haka noti na irin wannan ƙarfe in aka binne shi cikin jiƙaƙƙen katako, inda iska ba ta kaiwa, shi ma yakan ci ta ciki.

Na biyar shi ne alminiyam, wanda da shi ake yin jikin injin jirgi da yawancin farfelunsa. Ba ya jar tsatsa, nasa ciwon farin gari ne da ƙananan ramuka.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafi dukkansu. In aka haɗa ƙarfe iri biyu suna taɓa juna cikin ruwa, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu kamar a batir, ɗayan ya riƙa cinye ɗayan. Tagulla tana cin baƙin ƙarfe, tana kuma cin alminiyam. A ruwan gishiri abin yana sauri, a ruwan daɗi irin na Binuwai yana tafiya sannu, amma ba ya fasawa. Wanda ya ɗaure zoben tagulla da ƙusar baƙin ƙarfe, ƙusar ce za ta fara tafiya, zoben ya zauna yana ƙyalli ba abin da ke riƙe da shi.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Lokacin gyara shi ne rani, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da kogi ya janye ya bar tsibiran yashi. A lokacin ne ake jawo jirgi gaɓa, a kife shi ko a ɗora shi bisa gungume ya sha iska. Wanda ya jira har Agusta, ruwa ya cika fasinja sun yi yawa, ba zai yarda ya ajiye jirginsa ko na kwana uku ba.

A ɗauki misalin tsohon jirgi mai shekara goma sha biyar a ruwa. Aikin farko shi ne kwancewa. Duk abin da ke kwantuwa a kwance shi: zobba, da sarƙa, da faifan ƙarfen da inji ke zama a kai, da maɗauran kujeru. Notin da ya ƙi motsi ba a yi masa ƙarfi, domin zai karye a ciki ya ƙara aiki. Sai a zuba masa kananzir gauraye da baƙin mai a bar shi ya kwana, a ɗan bubbuga shi da guduma don man ya ratsa, gobe a sake gwadawa. In ya ƙi, sai a gasa shi da wuta, bayan an tabbatar babu fetur ko tanki kusa. Kowane ƙarfe a ajiye shi tare da notocinsa, a kuma yi masa alamar wurin da ya fito.

Daga cikin ƙusoshin da ke jikin jirgin, ana zare kaɗan daga wurare daban-daban, musamman gindin jirgi da layin ruwa da bayan da ke ɗauke da inji, don a ga halin da sauran ke ciki. In uku daga cikin biyar sun sirance, to maganar goge-goge ta ƙare a wannan sashe, sai sabon ɗauri.

Aiki na biyu wanki ne da ruwa da sabulu da buroshi, domin a kawar da laka da gansakuka da tsohon maiƙo. Sau da yawa abin da ake zato tsatsa ce datti ne kawai.

Aiki na uku shi ne jiƙo, kuma a nan ne hikimar gida take da amfani. Tsamiyar da mata ke goge tasar tagulla da ita, ita ce dai ke aiki a nan. Ana jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ta yi kauri, a tsoma tagulla ciki na ɗan lokaci, ana dubawa. Tsamin da ke cikinta yana narkar da dattin da ya manne ba tare da ya ci lafiyayyen ƙarfe da sauri ba. Lemon tsami da ɗan gishiri ma suna yi. Baƙin ƙarfe mai tsatsa, bayan an kakkaɓe ɓawon da guduma da buroshin waya, yana iya kwana cikin jiƙon. Abin da ba a mantawa shi ne ɗauraya: a wanke da ruwa mai yawa, a bi da ruwan kanwa kaɗan don ya kashe sauran tsamin, a sake ɗaurayewa, a shanya a rana ya bushe sarai. Tsamin da aka bari cikin rami zai ci gaba da aiki bayan an mayar da ƙarfen jikin jirgi.

Alminiyam kuwa ba a kusantar da shi da ruwan toka ko kanwa mai ƙarfi ko soda ta yin sabulu, domin suna cin sa. Nasa sabulu ne da buroshi mai laushi. Haka nan akwai masu gaggawa da ke ɗibar ruwan batir su zuba wa ƙarfe don ya yi fari nan take. Ruwan batir guba ne mai ƙona fata da makantar da ido, yana cin lafiyayyen ƙarfe tare da tsatsar, kuma in aka zubar da shi a gaɓa kogin da ake sha ake kamun kifi zai koma.

SHARI'AR ƘARFE

Bayan ƙarfe ya fito fes, sai a zauna a yi masa shari'a, kuma wannan shi ne zuciyar aikin duka. Ana duban launi: tagullar da ta fito da jajayen tabo masu kama da hoda, wadda in an kankara da wuƙa take marmashewa, tutiyarta ta zube, ba ta da sauran amfani a wurin da ke ɗaukar nauyi. Ana kuma sauraron murya: a rataye ƙarfen a igiya a buga shi da wani ƙarfe. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga ko ruɓaɓɓe zai yi wata gajeriyar murya kamar an bugi tukunyar da ta fashe.

Ana duban sarƙa ɗiya-ɗiya, musamman inda ɗiya ke gugar 'yar'uwarta. Ƙa'idar da masu aikin sarƙa ke bi ita ce in kaurin ɗiya ya ragu da kashi ɗaya cikin goma, a sauya. Ana duban ramukan noti ko sun yi faɗi, da haƙoran noti ko sun shafe. Ana kuma neman tsaga a bakin walda da wurin lanƙwasa: a shafa kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli, in akwai tsaga kananzir zai fito ya zana ta a jikin allin.

Koren launin da ke hawa tagulla mai duhu ba cuta ba ne. Fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa, tana kuma kare shi. A sassan da ke zama cikin ruwa babu dalilin kankare ta, in dai an tabbatar ƙarƙashinta lafiya yake.

A nan ne gaskiyar mai gyara take bayyana. Mai jirgi yana son a ce masa ƙarfensa na nan da rai, domin sabo kuɗi ne, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Mai gyara kuma yana tsoron in ya faɗi gaskiya a kai aikin wani wuri. Tsakanin son ran wannan da tsoron wancan ne mataccen ƙarfe ke shan fenti ya koma ruwa.

GOGEWA DA RUFEWA

Ƙarfen da ya ci shari'a shi ake gogewa. Ana farawa da samfefa mai kaushi a gangaro zuwa mai laushi, misali daga lamba 220 zuwa 400, zuwa 600, har 1000, ana jiƙa ta da ruwa, kuma ba a tsallake mataki, domin kowace lamba aikinta shi ne share zanen da ta gabanta ta bari. Daga nan sai man goge tagulla irin su Brasso da tsumma mai laushi, ko lallausar tokar da aka tankaɗe ga wanda ba shi da halin saye. Ba a matsa wa abu da injin gurza, domin duk gogewa rage ƙarfe ce, kuma abin da aka rage ba ya dawowa.

Farin ƙarfe marar tsatsa ba a goge shi da buroshin baƙin ƙarfe ko soson waya, domin ɓurɓushin da za su bari a jikinsa shi ne zai yi tsatsa ya ɓata fatar da ke kare shi. Wajen sayen sabo kuma ana iya gwadawa da mayen ƙarfe: irin da ya fi dacewa da ruwa mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai, wanda kuwa ya manne tsam akwai alamar tambaya a kansa. Araha dai ba ta ado.

Baƙin ƙarfe da zarar ya bushe ba a barin sa ya kwana tsirara, domin raɓa kaɗai ta isa ta mayar da shi ja kafin gari ya waye. A ranar za a shafa masa jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, in ya bushe a ƙara, sa'an nan a bi da fentin mai ko kwalta. Haƙoran noti a cika su da giris. Kafin a mayar da ƙarfe jikin katako a shimfiɗa kwalta ko roba tsakaninsu don kada ruwa ya sami wurin kwanciya. Inda tilas ƙarfe iri biyu su haɗu, a raba su da wani yanki na roba. Mai walda kuma ya kiyayi farin hayaƙin da ke tashi in ana ƙona ƙarfe mai rigar tutiya, domin yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, ya yi aikinsa a fili inda iska ke kaɗawa.

INJI DA FARFELA

Binuwai kogi ne mai yashi, kuma yashi magagari ne. Yana cin bakin farfela har ta yi kaifi ta sirance. Farfelar da ta bugi dutse ta lanƙwashe takan sa inji rawa, rawar kuma ta lalata robar da ke hana ruwa shiga gidan giya. Haka zaren taru ko na ƙugiya in ya naɗe a sandar farfela, yakan yanke wannan roba a ɓoye. Shi ya sa ake cire farfela a kai a kai, a tsince zaren, a shafa wa sandar giris. In aka buɗe man giya aka ga ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga ke nan, sai a nemi bakanike tun giyar ba ta haɗe ba.

A ƙasan injin, kusa da farfela, akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai launin toka wanda kullum ake ganinsa a cinye. Marasa sani sukan yi masa fenti ko su cire shi su yar. Wannan guntu da gangan aka sa shi domin ya zama fansa, ruwa ya ci shi ya bar jikin injin. Ba a yi masa fenti, ba a shafa masa mai, sai dai a kankare dattin da ya rufe shi, in ya cinye rabi a sa sabo. Masu ƙera inji suna yin sa da tutiya ko alminiyam ko maganiziyam, kuma na maganiziyam ya fi aiki a ruwan daɗi.

Sai notocin nan biyu da ke matse inji a bayan jirgi, da katakon da suke cizo. In katakon ya ruɓe ko notocin sun ci, inji na iya tsalle ya faɗa ruwa a tsakiyar kogi, ya bar jirgi cike da mutane ruwa na tafiya da shi. Gajeriyar sarƙa da za ta ɗaure inji da jikin jirgi ba ta kai kuɗin fetur na yini guda ba.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Mutanen Taraba ba su manta da ranar Asabar 28 ga Oktoba 2023 ba, sa'ad da wani jirgi da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo cike da 'yan kasuwa, mata da yara, ya kife a Binuwai kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Karim Lamido, mutane da yawa suka rasu. A 2024 kuma ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiyan da ba su taɓa tunanin hawa jirgi ba suka wayi gari suna layin fito.

Dalilan da aka fi ambata a haɗurran jirage a ƙasar nan su ne lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da kututturan da ke ɓoye cikin ruwa, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta daɗe tana gargaɗi a kan waɗannan. Amma lafiyar ƙarfen jirgi ita ke yanke hukunci a kan abin da zai biyo bayan karo. Jirage biyu na iya bugun kututture guda, mai lafiyayyen ɗauri ya girgiza ya wuce, mai ruɓaɓɓun ƙusoshi ya dare. Injin da ya mutu a tsakiyar ruwa, da angar da sarƙarta ta tsinke lokacin da aka jefa ta, duka laifin ƙarfen da ba a duba ba ne.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage su ne suka san kowane jirgi da shekarunsa, suna kuma da ikon hana wanda bai sha gyaran rani ba ɗaukar fasinja. Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomin bakin kogi za su iya sa duban jirage ya zama na shekara-shekara kafin faɗuwar damina, kuma mai duban ya zare ƙusa ya gani da idonsa maimakon ya tsaya ga kyan fenti. Makarantun koyon sana'a na Jalingo za su iya haɗa matasa masu walda da kanikanci da tsofaffin maƙera da masassaƙan jirgi, domin sanin muryar ƙarfe ba a littafi kaɗai ake samun sa ba, kuma masu shi suna tsufa. 'Yan kasuwar da ke sayar da noti da ƙusa su ji tsoron Allah su daina sayar da na ɗaki da sunan na ruwa.

Shi kuma fasinja, ko daga Turaki ya fito ko daga Lau, yana da ido. Kafin ya sa ƙafa ya dubi jikin jirgin: ko akwai jan hawaye a ƙarƙashin ƙusoshi, ko yaron jirgi na ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ko inji a ɗaure yake, ko akwai rigar kariya. In abin bai kwanta masa ba ya jira na baya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohon jirgin maɗaci da aka kula da ƙarafansa yana iya fin sabon da aka haɗa da gaggawa aminci. Ranin bana ma kogi zai janye kamar yadda ya saba, ya ba masu jirage watanni uku ko huɗu na gyara. Allah ya sa su yi amfani da su, ya kuma kiyaye matafiya na ruwa da na tudu, amin.